Abin da Ɗakin Wankin Miki Ya Koya Mini Game da Ƙaunar Allah

Kuturta tana warkewa, maganinta kuma kyauta ne. Da wannan nake fara magana da duk wanda aka kawo mana, domin yawancinsu sukan iso ne da tunanin cewa tasu ta ƙare. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna uku, rifampicin da dapsone da clofazimine, tun 1995 kuma ake raba su ba ko kwabo. Mai tabo kaɗan yakan sha na wata 6, wanda cutar ta yi masa yawa ya sha na wata 12, kuma ba a jimawa bayan an fara sha mutum ya daina yaɗa ta. A 1998 Nijeriya ta kai matakin da masu cutar ba su kai mutum ɗaya cikin 10,000 ba, sai mutane da yawa suka ɗauka an gama da ita. Ba a gama ba. Har yanzu kowace shekara ana gano sababbin masu ita sama da 2,000 a ƙasar nan, cikinsu har da yara.

Abin da magani ba ya iyawa shi ne ya tayar da jijiyar da ta riga ta mutu, nan kuwa aikina yake. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin ikilisiya da ke ƙauye, na kuma sami horo a cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye, kusa da Zariya. Mutane suna zaton cutar ce ke cinye yatsu. Ita jijiya take kamawa, sai tafin hannu da tafin ƙafa su daina jin zafi. Manomi ya taka ƙusa ya wuni da ita a gona bai sani ba. Mace ta sauke tukunya daga murhu, ƙaurin fatarta ne zai gaya mata ta ƙone. Da dare ɓera ya gaigayi yatsan mutum yana ta barcinsa. Miki ya ruɓe ya kai ga ƙashi, yatsa ya yi ta gajarta har ya zama dungu.

Saboda haka kowace safiya, bayan addu'ar ma'aikata, abu ɗaya muke yi. A jera robobin ruwa, kowa ya tsoma ƙafafunsa kamar rabin awa har kaushi ya yi laushi. A goge da dutse a hankali, a shafa Baselin ko man kaɗanya tun ƙafar tana da danshi, a leƙa tsakanin yatsu, a zura hannu cikin takalmi ko tsakuwa ta maƙale. Mai miki a wanke masa a naɗe. Gobe a sake. Wanda ƙafarsa ta daina ji zai yi wannan har ƙarshen ransa, ko da ya gama shan magani tun shekara ashirin da suka wuce.

A majami'a mun fi son maganar ƙaunar Allah a matsayin babban abin da ya auku sau ɗaya a kan gicciye, kuma gaskiya ne, kanta bangaskiyarmu ta tsaya. Amma ɗakin wankin miki ya tura ni ga wasu wuraren da na saba wucewa da sauri cikin Littafi Mai Tsarki. Manna a jeji ta kwana ɗaya ake tarawa, wanda ya ɓoye ta gobe sai ya tarar ta yi tsutsa. Mai Makoki, yana zaune cikin kangon Urushalima, ya ce jinƙan Ubangiji sababbi ne kowace safiya. Miki ya warke da rani, mu yi murna mu sallami mutum. Ruwa ya sauka, ya koma gona, kafin a yi girbi ga shi ya dawo da mikin a daidai inda yake dā. Sabon ma'aikaci yakan hau shi da faɗa, ya ce ba an hana ka doguwar tafiya ba? Wani dattijo ya taɓa ba da amsar da ta rufe bakin kowa a ɗakin. Ya ce, "Malama, in na zauna ina jinyar ƙafa, wa zai yi jinyar cikin yara?" Ba taurin kai ne ya dawo da shi ba, talauci ne. Sai a ɗebo ruwa a fara daga farko, ba tare da an karanta masa lissafin bandejin da ya ci a bara ba. Ban san wata hanya da ta fi wannan bayyana mini yadda Allah yake karɓarmu ba, mu da muke komawa gare shi da abu ɗaya shekara da shekaru.

A Markus sura ta ɗaya wani kuturu ya durƙusa gaban Yesu ya ce in ya yarda zai iya tsarkake shi. Yesu ya warkar da bawan jarumin Roma daga nesa, bai ko shiga gidan ba, don haka magana kaɗai ta isa. Amma wannan sai da ya miƙa hannu ya taɓa shi. Ban gane nauyin wannan ba sai da na ga yadda mutanenmu suke shigowa: hannu a cikin riga, ba sa miƙa shi ko ga namiji ɗan'uwansu, sun tsaya daga bakin ƙofa suna jiran a nuna musu inda ba za su ɓata wa kowa rai ba. Safar hannu ina sa ta lokacin wankin miki, kamar yadda zan sa wa mikin kowa. Lokacin gaisuwa da lokacin laluben jijiya a gwiwar hannu ba na sawa, babu kuma dalilin sawa, tun da kusan kashi 95 cikin ɗari na mutane jikinsu yana kare kansa daga cutar. Sukan lura. Wata tsohuwa da na riƙe hannunta ina gwada tabon da auduga, idonta a rufe, ta ce, "'Yar nan, ke ba ki ƙyama?" Na ce, "Inna, rufe idonki dai, ki nuna mini inda kika ji."

Sai dai tausayi kaɗai ba ya ceton hannu. Akwai lokacin da jiki kan tayar da kumburi, tabo ya yi ja, jijiya ta yi zafi, yatsu su fara rauni. In an gane da wuri aka ba da maganin rage kumburi mai suna prednisolone, hannun yakan dawo. In aka yi sakaci na 'yan watanni, ya tafi ke nan. Ma'aikaciyar da ta iya kuka da majinyaci amma ba ta iya gwada ƙarfin ɗan yatsa ba, ta cuce shi, komai kyan zuciyarta. Haka kuma dole a gaya wa mutum tun ranar farko cewa rifampicin zai mai da fitsarinsa ja, clofazimine kuma zai duhunta masa fata na wani lokaci, in ba haka ba ya tsorata ya jefar da maganin. Karatun da nake yi da dare don kada in manta waɗannan, ni a wurina ibada ne. Abin da kuwa ke ƙona mini rai shi ne gidajen addu'a da ke riƙe mai tabo wata da watanni ana shafa masa mai ana tsawata wa aljani, ba a sake shi sai yatsu sun lanƙwashe. Ina addu'a, na kuma gaskata Allah yana warkarwa. Amma Yesu kansa da ya tsarkake mutumin nan, tura shi ya yi wurin firist a duba shi. Masu maganin gargajiya ma suna irin wannan riƙon, to amma ni namu nake da bakin yi wa magana.

Har ila yau a kan namu, akwai wa'azin da nake roƙon fastocinmu su bari: wai zunubi kuturtar rai ne, yana farawa da ɗan tabo ya cinye mutum. Yana da daɗin faɗa, ikilisiya ta amsa da amin. Amma a bencin baya akwai wanda ya ɓoye hannunsa cikin mayafi, shi kuwa abin da ya ji shi ne cewa jikinsa hoton zunubi ne. Dama a gari an riga an gaya masa gado ne, ko baki ne, ko ya haɗa kifi da nono. Ƙwayar cuta ce, wani likita ɗan ƙasar Norway mai suna Hansen ya gano ta a 1873. Da almajirai suka tambayi Yesu game da wanda aka haifa makaho, ko shi ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba ɗaya daga cikinsu. Wannan amsar ta ishe mu.

Yawancin waɗanda nake wanke wa ƙafa Musulmi ne, kuma wannan aiki yana da tarihi a ƙasar Hausa. A zamanin Turawa an hana 'yan mishan wa'azi a cikin masarautu, sai a shekarun 1930 aka danƙa wa mishan ta SIM, wato Sudan Interior Mission, kula da zangon kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A Garkida 'yan mishan na Brethren ne, a Danja kusa da Maraɗi kuma SIM ce. Sun yi aikin da mutane kaɗan ne suka yarda su yi a lokacin, ba mai ƙwace musu wannan. Amma su da kansu ba su ɓoye cewa suna kallon aikin a matsayin ƙofar bishara ba, shi ya sa har yau wani in zai zo wurinmu sai danginsa sun ja masa kunne. Matsayina a nan a fili yake. Ba na ɓoye ko ni wace ce, suna jin waƙarmu da safe, wanda ya tambaye ni dalilin begena zan gaya masa. Amma bandeji ba tsaba ba ce da ake watsa wa kaza don a kama ta. Mutumin da ƙafarsa take hannuna ba shi da ikon ce mini a'a, kuma wa'azi ga wanda ba zai iya tashi ya tafi ba, ciniki ne aka yi da wahalarsa. Bulus ya ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, wato ba a jira amsarmu ba kafin a ba mu. Abin da muke yi shi ne mu daidaita lokacin naɗi da lokacin sallarsu. Abokin aikina Musulmi ne ya bayyana wa masu damuwa da alwala cewa malamai sun yarda a yi shafa a kan bandeji, tun daga nan aka daina kwance mana naɗi da azahar.

Godiya kuwa, wanda ya shigo wannan aiki yana jiranta zai daɗe bai gan ta ba. Hausawa suna cewa wane zuciya gare shi kamar kuturu, ba sa tambayar me ya kawo zuciyar. Mutumin da matarsa ta tafi, aka ware masa kwano, aka daina sayen hatsinsa, in ya daka mini tsawa don na ja bandeji, na san ba da ni yake ba. Goma aka warkar a Luka sura 17, ɗaya ya dawo, Yesu ya tambayi ina taran, amma bai mayar musu da cutar ba. Ni ma ba waliyyiya ba ce, albashi ake biyana, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Shekarar 2024 ta gwada mu ta wata fuskar. Maganin ya yanke a faɗin ƙasar kusan shekara guda, bai iso ba sai a watan Maris na 2025. Mutum ya biya kuɗin babur daga nesa, ka duba shi ka tabbatar cutar ce, ba ka da abin ba shi. Wasu sun so a riƙa cewa "mako mai zuwa" don a kwantar musu da hankali. Muka ƙi. Muka gaya musu gaskiya cewa babu, muka rubuta ƙauyen kowa da lambar wani nasa mai waya, muka ci gaba da duba jijiya da wankin miki. Da maganin ya zo muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu mun same su da yatsun da ba haka muka bar su ba.

Wuri mafi wuya dai ba asibiti ba ne, ikilisiya ce. Akwai wata 'yar'uwa da ta gama maganinta da daɗewa, tana da takardar sallama, tana sa kayan zumuntar mata kamar kowa. Amma ranar da aka yi girkin taro, aikinta ɗebo itace ne, ba a barinta kusa da tukunya. Tana yin daddawa mai kyau, sai dai ta ba wata ta kai mata kasuwar wani gari inda ba a san hannun da ya yi ba. Ba wanda ya taɓa zaginta, kowa "sannu Mama" yake ce mata. Matar fastonmu ce ta fara karya abin ba tare da ta yi jawabi ba: ta je gidanta ta sayi daddawa, ta zauna ta ci tuwo kwano ɗaya da ita, ranar taron mata kuma ta ce miyar da kuka yaba da daddawar wance aka yi ta. Wasu suka ajiye cokali, wasu suka ƙara. Yanzu mata da dama suna saye a wurinta kai tsaye.

Maganar auren 'yarta ce ta tsaya. Yaron yana so, yarinyar lafiyarta ƙalau, na duba ta da kaina, amma iyayensa, waɗanda suke cin jibin Ubangiji tare da uwarta, sun ce a jinin gidan abin yake. Dattawan ikilisiya sun kira ni na yi musu bayani cewa ba a gadon kuturta, na amsa tambayoyinsu har dare. Baban yaron ya saurara da kyau, ya yi godiya, ya ce, "Mun ji, Malama, a ba mu lokaci mu yi shawara da dangi." An sa zama na gaba bayan girbi, sun kuma ce in zo da abokin aikina, domin akwai 'yan'uwansu Musulmi da za su halarta.