Kafin ka miƙa kwamfutarka ga mai saye

Ƙannena, duk wanda zai sayar da kwamfutarsa hankalinsa yana kan ciniki: nawa za a taya, nawa zai sallama. Sai ya goge allo, ya nemo caja, ya share hotuna da takardu, ya zubar da abin da ke cikin Recycle Bin, ya duba ya ga ko'ina fayau, ya ce shi ke nan. Alhali hotunan nan da takardun nan suna nan daram a cikin faifan ajiya, idonsa ne kawai ya daina ganinsu.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Kwamfuta tana da rajistar da take rubuta cewa fayil kaza yana zaune a wuri kaza. Idan ka ce ta share shi, ba ta bin bayanan ta kankare su, sunan kawai take sokewa daga rajista ta ce wurin babu kowa. Kamar mai gidan haya ne ya soke sunanka daga littafinsa ya ce ɗaki ya fita, alhali kayanka suna jibge a ciki, kuma nan za su zauna har ranar da aka zuba na wani a kansu. Fomat na gaggawa, wanda yake ƙarewa cikin daƙiƙu kaɗan, shi ma haka yake: sabuwar rajista yake buɗewa, ba ya taɓa kayan.

Lokacin da na sayar da laftof ɗina na farko ina ganin kaina gwani ne, domin ban tsaya ga sharewa ba, har fomat na yi na ɗora sabuwar Windows. Bayan 'yan kwanaki wanda ya saya ya kira ni. Ya ce, "Malam, na ga wata folda a ɓangaren D, akwai hoton fasfonka da takardun makarantarka da wasu hotunan iyali, in share ko kana so?" Ashe faifan nan an raba shi biyu tun daga farko, ni kuma ɓangaren C kaɗai na taɓa. Allah ya haɗa ni da mutumin kirki, amma sai da na ji gumi ya keto mini, domin kafin ya san kayan na wane ne ai sai da ya buɗe ya gani.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya zo daga baya, ranar da na ɗauko wani filashina da na tabbata na yi masa fomat, na sa masa Recuva, wata manhajar dawo da fayilolin da aka share, kuma kyauta ake samunta. Ina zaune ina kallo sunaye suka riƙa jeruwa, kowanne da ɗan ɗigo a gefensa, kore ga wanda zai dawo lafiya, ja ga wanda ya lalace. Koren ya fi yawa. Na danna ɗaya, sai ga takardar da na rubuta shekaru da suka wuce ta buɗe ba ko harafi da ya ɓace. Nan na gane ko ɓangaren C ɗin da nake taƙama na goge, da mai sayen ya so tonawa da ya samu rabonsa.

Kada ku ɗauka ni kaɗai ne sakarai. A shekarar 2003 wasu masu bincike biyu a jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka wallafa abin da suka gano bayan sun sayi tsofaffin faya-fayan ajiya 158. Guda 129 suna aiki, kuma 12 kacal aka goge yadda ya kamata. A cikin sauran sun tsinci lambobin katin banki sama da 5,000, da bayanan lafiyar mutane, da wasiƙu na sirri. A watan Satumban 2022 kuma hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannayen jari a Amurka ta ci tarar Morgan Stanley, babban kamfanin hada-hadar kuɗi, dala miliyan 35, saboda sun ba wani kamfanin kwasar kaya da bai san aikin lalata bayanai ba tsofaffin na'urorinsu, wasu har aka yi gwanjonsu a intanet da bayanan abokan hulɗa a ciki. Sakacin ya shafi mutum kimanin miliyan 15.

To, abu na farko shi ne ka san wane irin faifai ne a cikin kwamfutarka, don magani ya bambanta. A Windows ka buɗe Task Manager ka shiga Performance, zai nuna maka ko HDD ne ko SSD.

HDD shi ne tsohon yayi, mai faranti da ke juyawa a ciki, wanda kake jin ƙugin sa idan ka kasa kunne. Maganinsa a rubuce kowane lungu nasa da sifili, domin abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi. Manhajar DBAN da ake tayar da kwamfuta da ita daga filashi wannan aikin take yi, haka nan cikakken fomat na Windows, wanda ba na gaggawa ba, tun daga Vista yana rubuta sifili a ɓangaren da aka yi wa shi. A nan ne na yi wata wautar, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ji ana cewa sai an maimaita sau 35, hanyar da masanin tsaron kwamfuta Peter Gutmann ya bayyana a 1996, sai na zaɓe ta na bar kwamfuta tana ta gurnani dare da rana har na ƙosa na kashe ta aikin bai kai ko'ina ba. Hanyar nan an tsara ta ne don faya-fayan wancan zamani, shi kansa Gutmann daga baya ya ce ba a buƙatarta a na yanzu. Ƙa'idar da hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka ta fitar mai lamba 800-88 ta nuna zagaye ɗaya ya wadatar ga HDD na zamani. Ka yi ɗaya, ka bari ya kai ƙarshe.

SSD kuwa, wanda yawancin sababbin kwamfutoci suke zuwa da shi, ba shi da faranti, a ƙananan guntayen lantarki yake ajiya, kuma halinsa daban. Don kada wani sashe ya riga wani gajiya, yakan riƙa sauya wurin da yake rubutu, kuma yana da ajiyayyen fili da Windows ba ta ma ganinsa. Saboda haka kana iya cewa a rubuce fayil kaza, shi kuma ya rubuta a wani wuri ya bar tsohon. Masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun gwada wannan a 2011, suka ga rubuce fayil guda a SSD ba abin dogaro ba ne. Gaskiya ne akwai tsarin TRIM da ke sa yawancin abin da aka share a SSD ya yi wuyar dawowa, amma ni ba zan jingina sirrina a kan "yawanci" ba. Kada ka wahalar da SSD da DBAN. Ka nemi umarnin Secure Erase ko Sanitize, wanda ake samu a BIOS (saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi) na wasu kwamfutoci ko a manhajar kamfanin da ya ƙera faifan, irin su Samsung Magician.

Hanyar da na fi natsuwa da ita yanzu ita ce kulle faifan gaba ɗaya da mabuɗin sirri tun ranar da kwamfuta ta shigo hannuna: BitLocker ko Device Encryption a Windows, FileVault a Mac. Idan komai a kulle aka rubuta shi, ranar sayarwa mabuɗin ake lalatawa, abin da ya saura tarkace ne da ba mai iya karantawa. Mac mai guntun Apple ko T2, daga macOS Monterey zuwa sama, yana da Erase All Content and Settings da ke yin haka cikin 'yan mintoci. A Windows ka shiga Recovery da ke cikin Settings, ka zaɓi Reset this PC, sannan Remove everything, amma kada ka yi saurin danna gaba. Shiga Change settings ka kunna Clean data, kuma in an tambaye ka, ka ce duk faya-fayai, ba wanda Windows take kai kaɗai ba. Wannan 'yar tambayar ita ce ɓangaren D ɗina. Aikin yana iya cin sa'o'i, don haka ka jona caja ka ƙyale shi.

Kafin duk wannan, ka kwashe kayanka zuwa wani faifan, kuma ka buɗe su a can ka tabbatar suna buɗuwa. Na taɓa kwafe folda na ga ta bayyana na yi gaba, sai bayan na goge asalin na tarar kwafin ya katse a tsakiya, rabin takardun babu su. Gogewar kirki ba ta da gyara, ko kai mai kayan ba za ka dawo da su ba.

Sannan akwai abin da ba a faifai kaɗai yake ba. Burauzarka ta haddace kalmomin sirrinka, imel ɗinka a buɗe yake, WhatsApp ɗinka yana haɗe da kwamfutar. Ka fita daga kowane asusu, ka shiga asusunka na Google da na Microsoft daga waya ka cire kwamfutar daga jerin na'urorinka, ka duba Linked devices a WhatsApp ka cire ta. Mai Mac ya fita daga iCloud ya kashe Find My, in ba haka ba mai saye zai tarar da ita a kulle da sunanka, ya dawo yana nemanka. Ka kuma leƙa ramin katin memori na gefe, mutane da yawa suna mantawa da kati a ciki.

Kwamfutar da ta mutu ta fi kowace yaudara. Allo ya ƙi kawowa, sai mutum ya ce ai ta ƙone, ya sayar wa masu neman kayan gyara. Sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau, da 'yar wayar haɗi mai arha za a jona shi a wata kwamfutar a karanta komai. Ka kwance bayanta ka cire shi kafin ta bar hannunka. In ba ka da buƙatarsa, HDD a huda farantinsa a wurare da dama, SSD kuma a farfasa baƙaƙen guntayen da ke kan allonsa ɗaya bayan ɗaya, don huda guda tana iya wucewa ta tsakaninsu ba ta taɓa ko ɗaya ba.

In kuwa kwamfutar tana aiki kuma ka gama gogewa, ka zama kai ne mai tonon farko. Ka sa mata Recuva ko PhotoRec daga filashi, ka zaɓi bincike mai zurfi, ka bar shi ya gama. Idan hoto ɗaya naka ya fito, ka koma ka sake aikin daga farko kafin ka kira mai saye.