Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Zakkar Baffa

Har gobe raina yakan ɓaci in na ji 'yan gidanmu suna cewa Baffa ya ja da baya daga bangaskiya. Sun faɗa yana da rai, sun maimaita ranar jana'izarsa. Ba wanda ya taɓa tambayar me aka koya masa.

Baffa ne ƙarshen karɓar baftisma a gidanmu. Sauran duk sun daɗe da barin Maguzanci, shi kuwa yana nan yana yi wa Uwar Gona yanka kafin shuka. Abin da ya tashi da shi ke nan: ka ba iska hakkinta, ta tsare maka gona. Bai iya karatu ba, don haka abin da kunnensa ya ɗauka a majami'a shi ne iyakar Littafi Mai Tsarki a wurinsa.

Da kakar 1983 aka yi taron farkawa a majami'armu ta ECWA da ke ƙasar Rano. Wani baƙon mai wa'azi ya zo daga birni, da takalmi sau ciki da lasifika. Dare bayan dare bai fita daga ayar nan ta littafin Malakai 3:10 ba: ku kawo zakka, ku gwada Ubangiji, ku ga in ba zai buɗe tagogin sama ba. Ayar gaskiya ce, ban musa ba. Amma ko sau ɗaya bai ambaci Ayuba ba. Baba ya dawo gida yana girgiza kai, ya ce, "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne." Lokacin na ɗauka da Baffa yake.

Daminar shekarar ba ta yi kyau ba, duk da haka Baffa ya fitar da dami ɗaya cikin kowane goma, gero da dawa, ya ɗora bunsurunsa a kai. Ina gani ya ja shi da igiya har ƙofar ma'ajin ikilisiya. Matarsa ta yi magana, ya ce ta yi shiru, baɗi sai sun ƙara rumbu.

Sai ga 1984. Shekarar da soja suka canja kuɗi, ana layin sabulu da madara, sama kuma ta ƙi. Geron Baffa ya fara kunnen kare ya ƙone, daidai da na kowa. Abin da ya fi ci masa rai, maƙwabcinsa mai kwana a gidan burkutu yana da fadama, ya sami ɗan abin kai wa baka.

Ya zo zauren Baba da magariba, ko zama bai yi ba.

"Yaya, na biya. Ina nawa?"

"Ba ciniki ba ne, ƙanena. Yesu da bakinsa ya ce Allah yana sako ruwa a kan masu adalci da marasa adalci. Manzo Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya, ba a cire ba."

"To me ya hana a faɗa mini kafin in ba da bunsuruna?"

Baba bai amsa ba. Daga baya ne na gane karin maganar nan da mai lasifika yake, da dattawan da suka zauna a bencin gaba suna cewa amin alhali sun san sauran karatun.

Shekaranjiya ma 'yata ta Kaduna ta kira ni, wai ta tura kuɗin "shuka iri" ga wani mai wa'azi da take saurara a waya, an yi mata alkawarin aiki kafin wata ya mutu. Na ce mata ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ta ce tsufa ne ke damuna. Wannan sai wani makon.

Baffa dai bai koma tsafi ba, ku da kuke yaɗa haka ku ji tsoron Allah. Majami'a kawai ya daina zuwa. Ranar Lahadi yakan zauna gindin tsamiya inda waƙa ke iso shi, in Zumuntar Mata sun ɗauki wadda ya sani, ya bi su a hankali. Dattawa sun aiko masa sau da dama, ko yaushe da maganar horo.

Mako mai zuwa zan faɗi yadda aka yi da gonarsa bayan rasuwarsa, da wanda ya ci ta.