Jos Zuwa Abuja Da Sabon Turbo Da Tsohon Saiti

Ranar Talata aka gama ɗaura wa motata sabon turbo, wato na'urar da ke matsa wa inji ƙarin iska, wanda ya fi na kamfani girma, a wani gareji da ke Farin Gada a Jos. Mai saita kwamfutar injin kuwa yana Abuja, wajen Apo. Ke nan sai motar ta ci kusan kilomita 300 da sabon turbo, amma lissafin da ke kanta na tsohon ne. Mota ce ta fetur, silinda 4, giyar hannu.

Haɗarin yana cikin lissafin nan. Muddin ƙafa ba ta yi nauyi ba, kwamfutar tana sauraren sensar da ke jikin salansa, tana daidaita cakuɗin kusa da kashi 14.7 na iska kan kashi 1 na fetur. Da ka danne totur, a yawancin motoci sai ta koma ga abin da aka rubuta mata tun daga kamfani. Injin da turbo ke matsa wa iska yana son fetur ya ƙaru, cakuɗin ya sauko wajen 11.5 zuwa 12. Idan iska ta yi yawa fetur ya gaza, zafi zai hau, man ya riƙa fashewa ba a kan ƙa'ida ba, fistin ya tsage ko ya narke. Cikin daƙiƙu kaɗan ake yin wannan ɓarnar.

Kafin a tayar, makaniken ya zuba baƙin mai ta bakin turbon, ya cire fiyus ɗin famfon fetur, muka murza makulli sau 3, daƙiƙa 10 kowane, don mai ya isa ciki kafin ya fara juyi. Sannan ya ɗauke tiyon ƙofar sakin hayaƙi, wadda ke ƙayyade matsin turbo, daga na'urar lantarkin da ke sarrafa ta, ya haɗa shi kai tsaye, yadda matsin iskar zai tsaya a ƙarfin sifirin ɗin (spring) da ke riƙe ƙofar, psi 7 a ma'aunin matsi. Manyan nozul na fesa fetur da na saya kuwa suna cikin kwalinsu a but. “Alhaji, in muka saka su yau, janwe ne zai kai ka,” in ji shi. Gaskiyarsa: kwamfutar ba ta san girmansu ba, za ta kwarara fetur har ya wanke man jikin silinda.

Na bar Jos bayan asuba. Dokar da na ɗora wa kaina biyu ce: allurar agogon matsi kada ta haye sifiri, inda turbo ke fara matsa iska, juyin injin kada ya wuce 3,000. Waya tana maƙale a gefen sitiyari, haɗe da ɗan abin karanta bayanan kwamfutar mota, OBD2, tana nuna gyaran fetur da kwamfutar ke yi. Daga Bukuru har Riyom bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Da ya haura 10 ya zauna, ko lambar gargaɗi P0171 (fetur ya yi kaɗan) ko P0234 (matsi ya yi yawa) ta fito, da na faka.

Hawan Kibo, wanda kowa ke yi wa mota fargaba, shi ne wuri mafi sauƙi ga mai gangarawa. Giya ta 3, ƙafa a ɗage, injin na riƙe motar, turbo na hutawa. Aikin yana farawa ne bayan an sauka. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, Abuja ba ta kai rabin haka ba. Iskar ƙasa ta fi kauri, don haka psi 7 a Akwanga ya fi psi 7 a Jos cika silinda, ga shi kuma ta fi zafi. Motar da ta yi lafiya a sanyin Filato tana iya fara ƙarar fashewar mai ba a kan ƙa'ida ba a nan.

Tsakanin Forest da Gwantu na faɗa bayan wata tirelar siminti a ɗan hawa. A giya ta 5, juyi 1,800, na ƙara ƙafa kaɗan, sai allura ta yi tsalle ta haye sifiri. Wannan kuskuren ne ke kashe injina: babbar giya, ƙaramin juyi, ƙafa mai nauyi. Na sauko ta 4, na kashe AC, na bi tirelar a hankali kusan minti 15 har hanya ta buɗe da gangara. Rediyo a kashe yake duk tafiyar, saboda ƙarar da ake gudu siririya ce, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwanin madara.

A Akwanga na bar injin yana aiki minti 2 kafin na kashe, don man da ke cikin turbo kada ya ƙone a wuri ɗaya. Na buɗe bonet na bi bututun shigar mai da na komawarsa da tsumma, duk a bushe. Maɗaurin tiyon intakula (mai sanyaya iskar turbo) ɗaya ya ɗan saki, na ɗaure.

Keffi zuwa Masaka titi ne mai tagwaye, kowa na tsala gudu, na tsaya hannun dama a 80. Cunkoson Mararraba da Nyanya ya gasa intakula, zafin iskar shiga ya hau, don haka ko da hanya ta saki ban biye wa 'yan tasi ba.

A Apo mai saitin ya zare fulogi huɗun ya jera a kan benci. Duk kalar ƙasa-ƙasa, babu fari fat, babu ɗigo-ɗigo a jikin tangaran, alamar injin ya iso lafiya. Ya ce a ɗauko kwalin nozul daga but.