Mako na shida: Barracuda ta ɗaga kai, harshe bai bar tsaga ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon ƙera motocin tsaga, wato ƙananan motocin wasa masu lantarki da ke gudu a kan titi mai tsaga a tsakiya. Daren jiya Allah Ya nufa abin da na yi sati biyar ina nema ya samu. 'Yar motata ta ɗaga tayoyin gaba, ta yi tafiyar kusan ƙafa goma a kan na baya, ta sauka lafiya, wuta kuma ba ta yanke mata ba ko sau ɗaya.

Ga waɗanda suka shigo cikinmu kwanan nan, motar da nake kwaikwaya ita ce Hemi Under Glass, wadda kamfanin Hurst ya fito da ita a Amurka a 1965. Plymouth Barracuda ce aka ciro injinta daga gaba, aka dasa ƙaton inji mai suna Hemi 426 a baya, ƙarƙashin faffaɗan gilashin nan nata, daga nan ma ta samo sunan, wato Hemi a ƙarƙashin gilashi. Niyyarsu nauyi ya danne tayoyin baya don su kama kwalta sosai a tseren kwatan mil. Sai kamun ya wuce abin da aka nema, da an taka sai ta miƙe tana kallon sama. Da suka ga 'yan kallo sun fi son hakan, sai aka bar ta a matsayin motar nuni, Bill Shrewsberry ya fara tuƙa ta, daga baya Bob Riggle ya karɓa. Tunda sitiyari ba ya aiki idan tayoyin gaba na sama, da birkin kowace tayar baya daban ake saita ta. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki.

Tun farko motoci uku na ajiye a gabana. Akwai Showboat ta Tommy Ivo mai injin Buick huɗu da ke jan tayoyi huɗu, akwai Little Red Wagon ta Bill Golden, ƙaramar a-kori-kura ƙirar Dodge A100 da ke jan ƙofar bayanta a ƙasa tana tartsatsi, sai wannan. Showboat ta fi ƙarfin hannuna a yanzu, sassaƙa injuna huɗu masu kama ɗaya ba aikin ɗan koyo ba ne. Amma tana raina.

Matsalar da duk mai son irin wannan mota zai ci karo da ita ɗaya ce. Motarmu tana shan wuta ne ta gaba: harshen roba yana cikin tsaga, kitson wayar tagulla guda biyu suna goga layukan wuta na gefe da gefe. To idan gaba ya tashi, harshe ya tashi da shi, wuta ta ɗauke, mota ta faɗo, ta sake samun wuta, ta sake zabura. Haka tawa ta riƙa tsalle kamar fara har sati uku, a ƙarshe ta fice daga tsagar ta daki bango, gilashin bayan da na yanka daga robar ruwa ya tsage. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, don gilashin nan kaɗai ya ci mini kwana biyu.

Maganin tsoho ne, masu wannan sana'a sun san shi tun shekarun 1960: a raba harshe da firam. Ana ɗora shi a kan wani dogon hannu mai lilo, a maƙala gindin hannun can baya kusa da ƙarfen tayoyin baya. Mota ta tashi yadda take so, hannun yana kwance a ƙasa da harshensa cikin tsaga. Ni da wayar sifok ɗin keke na lanƙwasa nawa, na zura ƙarshensa cikin guntun bututun tagulla, na liƙe bututun a firam da dalma. Ku kankare wayar da sanfefa har ta yi fari kafin ku kai mata wuta, in ba haka ba dalmar za ta dunƙule kawai ta ƙi kamawa.

A nan ne na fi ɓata lokaci, kuma nan nake so ku lura. Hannun farko ya yi sako-sako cikin bututu, mota na tashi sai ta riƙa kaɗa kai hagu da dama. Na biyu na matse shi da yawa, ya riƙa tashi tare da motar, aka koma gidan jiya. Abin da ake so shi ne idan ka ɗaga motar da hannu, hannun ya faɗo da nauyin kansa, amma idan ka tura shi gefe kada ya motsa. Na uku ya zo daidai bayan na sa ɗigon man keken ɗinki. Sannan na ɗora 'yar dalma kamar ƙwayar wake a kan harshen, irin wadda masu balansin taya ke maƙalawa a rim, wani bakanike ya ba ni kyauta. Wayoyin da ke kai wuta zuwa inji ma sai da na canza su da masu laushi na tsohuwar wayar kunne, domin masu kauri suna jan hannun sama.

Injin kuwa na matsar da shi har ya ɗan wuce ƙarfen tayoyin baya. Ma'aunina ɗaya bisa 24 ne, wato kowane inci 24 a motar gaske inci ɗaya ne a tawa. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Barracuda ta gaske inci 106 ne, nawa ya kama inci huɗu da ɗan ɗoriya, don haka matsar da inji da faɗin farce ma yana canza komai. A ƙarƙashin bamba na liƙa waya biyu masu lanƙwasa don su tare ta kada ta kifa ta baya. Kwali na yi ta sakawa ƙarƙashinsu ina gwada tsayi, har na tsaya inda tayoyin gaba ke tashi kamar faɗin yatsu biyu. Idan ta wuce haka kyan gani ne, amma saukarta na da ƙarfi, bodin ba zai jure ba.

Lokacin da nake shafa mata baƙi da ruwan zinare irin na ta asalin, sai na tuna motocin langa-langa da muke yi muna yara, da tayar silifas. Aikin hannun dai shi ne, wutar ce ta ƙaru.

Titina har yanzu gajere ne. Kwatan mil ƙafa 1,320 ne, a ma'auninmu ƙafa 55 ke nan, ni kuwa falanki uku na jera masu ƙafa takwas-takwas, 24 duka, ciki har da wurin tsayawa. Shi ya sa take sauka da wuri, ni nake ɗauke mata wuta don kada ta kai ƙarshe. Na yi magana da kafinta ya tsaga mini wasu biyu ranar Asabar, in Allah Ya kai mu. Wanda ya taɓa haɗa falanki da falanki ba tare da layin tagulla ya sami gaɓa mai yanke wuta ba, don Allah ya nuna mini yadda ya yi, domin mahaɗata ta biyu tana tartsatsi duk sanda motar ta bi ta kai.