Jerin hotuna mai juyawa da makaho zai iya sarrafawa

Kusan duk wanda ya nemi in gina masa shafin intanet, na makaranta ne ko na kamfani, abin da yake fara ambata shi ne jerin hotunan nan da ke sauyawa da kansu a saman shafi, wanda masu sana'armu ke kira carousel. Nakan ba da shawarar a haƙura da shi, kuma ina da hujja, domin a 2013 Erik Runyon na Jami'ar Notre Dame da ke Amurka ya wallafa alƙaluman shafin jami'ar, waɗanda suka nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne ke latsa abin da ke cikin jerin, mafi yawansu kuma hoton farko suke latsawa. Amma idan mai shafi ya dage, dole a yi masa, sai maganar ta koma kan yadda za a yi ba tare da an rufe ƙofa ga makaho, ko mai rawar hannu, ko mai karatu a hankali ba.

A yau ba sai an rubuta komai daga tushe ba. Manhajojin buɗe shafi sun yarda mutum ya ƙirƙiri alamarsa ta HTML, wato harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, muddin sunanta na ɗauke da karan ɗori, don haka akwai shiryayyun jerin hotuna da ake ɗaukowa a dasa a shafi da layi biyu ko uku. Da yawansu suna iƙirarin cewa an gina su da naƙasassu a zuciya, sai dai ni ba na karɓar wannan iƙirari sai na gwada da hannuna.

Abin da nake fara dubawa shi ne motsi. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa naƙasassu amfani da shafukan intanet, waɗanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin gina shafuka ta fitar da zubinsu na 2.0 a 2008, sun tanada a sashe na 2.2.2 cewa duk abin da ya fara motsi da kansa, ya wuce daƙiƙa biyar, alhali akwai wasu abubuwan karantawa a gefensa, wajibi ne a ba mai karatu hanyar tsayar da shi ko ɓoye shi. Wannan yana matakin farko, wato mafi ƙarancin abin da ake nema daga kowane shafi. Jagorar ƙungiyar kan ARIA, wato alamomin da ke bayyana sassan shafi ga manhajar da ke karanta wa makaho allo, ta ƙara da cewa maɓallin tsayarwa shi ne ya kamata mai amfani da allon madannai ya fara tararwa a cikin jerin, kuma da zarar ya shigo juyawar ta tsaya, kada ta ci gaba sai shi ya nema. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa sauraren manhajar karanta allo: tana cikin karanta wa makaho sanarwar ɗaukar ɗalibai sai a janye sanarwar, kamar a fizge wa mutum takarda yana tsakiyar layi. Shi ya sa ake kashe aria-live, wato saitin da ke sa manhajar ta sanar da abin da ya sauya a shafi, yayin da jerin ke juyawa da kansa, a mayar da shi polite, wato ta jira ta gama maganarta kafin ta sanar, idan mai karatu ne ke juya shi, domin ya ji sabon abin da ya bayyana ba tare da an katse shi ba. Akwai kuma masu fama da jiri, waɗanda suka riga suka gaya wa wayarsu ta rage motsi, kuma jerin kirki yana mutunta wannan ta hanyar prefers-reduced-motion, saitin da ke sanar da shafi wannan zaɓi. Ra'ayina dai shi ne a kashe juyawar tun farko, a bar mutum ya juya da kansa.

Sai kuma hotunan jerin da ke ɓoye suna jiran layinsu. Idan mahaɗan da ke cikinsu suka ci gaba da karɓar maɓallin Tab, mai allon madannai zai yi ta latsawa bai san inda ya faɗa ba, kuma sifar inert, wadda ke sa Tab ya tsallake sashen da aka sa mata, tana magance wannan. Kibiyoyin gaba da baya su kasance maɓallai na gaskiya, faɗinsu da tsayinsu kada su gaza fiksel 24, kamar yadda WCAG 2.2 ta 2023 ta nema.

Akwai nauyin da babu shiryayyen jeri da zai ɗauke wa mai shafi. Sunayen maɓallan da makaho ke ji yawanci da Turanci suke zuwa, kuma idan an binne su cikin Shadow DOM, wato keɓaɓɓen cikin shiryayyen jerin, ba tare da an bar hanyar sauya su ba, shafin Hausa zai riƙa yi wa mai sauraro magana da harshe biyu. Ba na zaɓar jerin da ba zai bar ni in rubuta “hoto na gaba” ko “na 2 cikin 5” ba. Haka nan kowane hoto yana buƙatar bayaninsa a rubuce, kuma abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar zuba sanarwa gaba ɗaya, har da ranar rufe rajista, a cikin hoto, inda manhajar karanta allo ba ta da abin da za ta karanta.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Cikin manhajojin karanta allo, NVDA kyauta ce a Windows, TalkBack na tare da wayoyin Android, VoiceOver kuma na cikin iPhone. Nakan ajiye linzamin kwamfuta gefe, in bi jerin da Tab da Enter kaɗai, sannan in kunna TalkBack in sake bi a waya, kuma idan ban iya tsayar da shi, in kai hoto na ƙarshe, in fita zuwa sauran shafin ba, ba na miƙa aikin ga mai shi.