Yadda muke sa wa akwatin kiɗa baki har ya yi Hausa

Akwatin kiɗan da muke haɗawa da hannu a shagonmu nan Maraɗi, zuciyarsa aisi ne, wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu, mai lamba AY-3-8910, wanda kamfanin General Instrument ya fitar a 1978. Muryoyi uku gare shi da hayaniya ɗaya, sautin nan na wasannin kwamfutar da. Yanzu mun ƙara masa baki da aisin magana SP0256-AL2, ɗan gida ɗaya da shi, mai ƙafa 28. Ba muryar mutum aka naɗa a ciki ba. Gutsattsarin sauti 59 ne da shiru iri 5, kai ke jera su har su zama kalma.

Haɗin ba wuya. AY ɗin yana da ƙofofi biyu masu ƙafa takwas takwas da yawanci ake bari a banza. Sai ka ɗauki shida ka kai ƙafafun A1 zuwa A6 na aisin magana, ka ɗaure A7 da A8 a ƙasa. Arduino, ƙaramin allon da ke ba da umarni, ya aza lambar sauti, ya ja ƙafar ALD mai cewa a karɓa ƙasa na ɗan ƙiftawa, ya jira ƙafar LRQ ta sauka, alamar aisin ya shirya, kafin ya turo na gaba. Tarkon yana rajista ta 7 ta AY ɗin: ita ke buɗe muryoyin kiɗa, ita kuma ke faɗin ko ƙofar ta fita ce ko ta shiga. Ka sauya kiɗa ba ka kiyaye bit na 6, mai riƙe da ƙofar, ba, magana ta rikice a tsakiyar kalma. Kuma kowace jimla a rufe ta da shiru, ko da PA1 ne, mafi gajarta a cikin shirun, in ba haka ba wasalin ƙarshe zai yi ta ja kamar odar mota.

Sautin da ke fita a ƙafa ta 24 ta aisin magana ɗanye ne, sai an tace shi da rezista biyu na 33k da kafasita biyu na 22 nF kafin ya shiga LM386 mai ƙara ƙarfin sauti. Aisin yana iya jan 90 mA, don haka 7805, mai daidaita wuta zuwa volt 5, ba ya fita daga hannunmu sai da farantin alminiyam a bayansa. Wanda ya san zafin Afrilu a garin nan ba zai ce ɓarna ba ce.

Kiristal ɗinsa 3.12 MHz ne. Masu kawo kaya sai su miƙo maka 3.58 na tsohuwar talabijin su ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, muryar ƙanƙancewa take ta dinga sauri. Wannan ma da sauƙi a kan aisin da aka kankare wa lamba aka buga AL2 a kai: ka saka, ya karanto lambobin Turanci ko ya yi gum. Shi ya sa a soket muke zaunar da shi, kuma sai ya furta duka 64 ɗin a allon gwaji.

Inda gwanintar take shi ne Hausa, domin don bakin Amurkawa aka yi aisin. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Ɗan shiru ke ceton mu. Ga ƙ da ts, PA1 mai milisakan 10 tsakanin baƙin da wasali yana kawo wannan maƙalewar ta maƙogwaro. Ga ɗ, PA2 mai 30 a gabansa. Bai kai na ɗan Adam ba, amma kunnen Bahaushe yana kama shi. Tsawon wasali kuwa ninkawa ake: AA, wato sautin "a", ɗaya garin da ake zama, AA biyu garin tuwo.

Karin sauti ya fi komai cin lokaci. Aisin a shimfiɗe yake magana, kukan yaro da kukar miya duk ɗaya a bakinsa. Sai muka cire kiristal muka sa Si5351, mai ba da bugun da ake iya sauya saurinsa, muka bi da shi ta aisin 74HCT don bugun ya kai volt 5. A gaɓa mai karin ƙasa muna rage bugun da kamar kashi 8 cikin ɗari. Ka zarce haka, wasulan kansu sun jirkice. A lura, aisin yana ajiye sauti ɗaya a jira, saboda haka in ka sauya bugun lokacin turawa, karin zai faɗa kan gaɓar da ta gabata. Sai LRQ ta sake sauka ake sauyawa. Kalma guda takan ci yini ana saurare ana gyara, a kira maƙwabci ya faɗi abin da ya ji ba tare da an gaya masa ba.

Sai mai saye ya zo ya ce, "Maigida, ai ga irinsa can rabin kuɗi." Buɗe wancan, ƙaramin allon MP3 ne da katin waya, an naɗi gaisuwa biyar. Ranka ya daɗe, ka faɗa wa akwatunan biyu sunan ƙauyenku, ka ce kowane akwati ya maimaita.