Kyamarar shagon Yaya da ta ƙi fitowa a waya

Kyamarorin shagon Yaya suna nuna hoto tas idan kana cikin shagon, amma da ka fita waje, sai shiru. Na shiga saitin rauta (na'urar da ke raba intanet a shagon) ta adireshinta 192.168.1.1, na buɗe port 8000 (ƙofar da saƙo daga waje zai bi ya shigo) zuwa na'urar DVR mai naɗar hoton kyamarorin, na kuma kafe mata adireshi ɗaya, don kada rautar ta sauya mata lamba duk sanda aka ɗauke wuta. Na gwada da datar waya, domin gwaji da Wi-Fi ɗin shagon yaudarar kai ne. Babu labari.

Sai na leƙa adireshin WAN, wato lambar da kamfanin layi ya ba rautar: ya fara da 100.64. Nan gizo ke saƙar. Duk adireshin da ke tsakanin 100.64 da 100.127 alamar CGNAT ce, wato kamfanin layi ya cusa gidaje da yawa ƙarƙashin adireshin waje guda. Ko port ɗari ka buɗe, saƙon a wurinsu yake maƙalewa. Rautoci masu SIM galibi haka suke.

Ko dai a biya kuɗin adireshi na kanka, ko a zagaya. Da Yaya ya ji batun kuɗi, sai ya ce, "Ƙanena, zagaya mana." Muka ɗora Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ba tare da buɗe port ba, a tsohuwar kwamfutar shagon, yanzu daga gida yake kallon yaran shagonsa.